Mzee Kamoga da Shuɗayen Kalmomi

Duk wanda ya taɓa zama a Nyendo, nan gefen Masaka, ya san gidan dattijon nan Mzee Erisa Kamoga ko da bai san sunan mai gidan ba. Shi ne gidan da aka binne rabin tayar tirela a ƙofarsa, ana zama a kan rabin da ya rage. A kan tayar nan za ka same shi da hantsi, dogon tsoho mai furfura har a gira, ya miƙe ƙafa yana kallon 'yan babur suna neman halaka kansu a titi, yana girgiza kai. In ka gaishe shi zai amsa da kyau, ya tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi. Daga nan kuma sai ka nemi abokin hira a gaba, don tasa ta ƙare.

Ba girman kai ba ne, hanya ce ta mai da shi haka. Yana saurayi ya gudu daga gonar kofin mahaifinsa da ke wajen Kalisizo ya zama karen mota, daga baya ya karɓi sitiyari, ya yi ta jigila tsakanin Kampala da Mombasa har kansa ya yi fari: kofi ya gangara teku, gishiri da siminti su hauro. Mutumin da ya shafe fiye da rabin rayuwarsa daga shi sai ƙugin inji, bakinsa kan manta aikinsa. Ya san inda ake dafa shayi mai kauri a Malaba, ya san gangaren da ke cin birki kafin a shiga Nakuru, ya san a wane shinge ake ɓata wa mutum rana. Ɗansa ne kawai bai sani ba.

Ɗa namiji guda gare shi, Muwonge. Yaron ya tashi ya san uba a matsayin mutumin da ke zuwa da buhun sukari da takalmin da kullum ya yi masa kaɗan, ya kwana biyu yana barci, ya sake tafiya. Uwar, Nankya, ita ce ke kai saƙo tsakaninsu ko suna ɗaki ɗaya. "Ki gaya wa yaron nan ya aske kansa." "Ki ce wa Taata an kore mu saboda littafi." A shekarar da Kamoga ya ajiye tuƙi ya dawo gida don ya huta, a shekarar Nankya ta rasu. Aka bar maza biyu a gida guda, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kowanne ya fi ɗan uwansa iya shiru. Ko da Muwonge ya auro Nanfuka, wata natsattsiyar yarinya mai ɗinka kayan 'yan makaranta, abin da ya ƙaru a gidan ƙarar keken ɗinki ne a barandar baya.

Ita kuwa Nanfuka ba ta isa ta gyara komai ba, don matar ɗa da uban miji a wurinmu akwai nisa a tsakaninsu. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi. Ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, sai dai ta ajiye a kan ɗan teburinsa ta ja da baya. Ba ta zama inda yake zama, ba ta wanke masa kaya, in sun haɗu a ƙuntataccen wuri ɗaya zai koma. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma su biyun sun riƙe ta da gaske.

Ana cikin haka Muwonge ya samu aikin gadi a Doha. Ana saura 'yan kwanaki ya tafi, wata rana da yamma yana zaune a baranda ya duƙufa kan waya, tsohon ya gaji da kallonsa.

"Kai wai me kake ta dannawa tun ɗazu? Haihuwa wayar nan za ta yi?"

"Wasa ne, Taata."

"Wasa. Da gemunka."

"Tsere ne. Zo ka gani."

Da ya ce masa wasa ne kurum da zancen ya mutu a nan, amma tsere ba abin da tsohon direba zai ji ya kau da kai ba ne. Ya matso. Muwonge ya nuna masa babban kundin nan na intanet da ke da shafi a kan kusan komai, daga kiyashi har taurari. A cikin kowane shafi akwai kalmomi shuɗaye, ka taɓa ɗaya sai ta kai ka nata shafin. Wasan shi ne a sa mafari a sa masauƙi, kowa ya nemi hanyarsa ta shuɗayen kalmomin kaɗai, ba a yarda ka rubuta sunan wurin ka nema ba. Wanda ya riga isa shi ya ci.

"To sa Masaka, ka sa Mombasa," in ji tsohon, "mu ga wanda zai koya wa wani hanya."

Aka aro wayar Nanfuka, ta ajiye ta a kan tebur ta koma ciki. Kamoga ya ɗora tabarau, ya tattaro Turancinsa na firamare da na takardun kan iyaka, ya kama hanya da natsuwa: ya nemi Kampala, daga nan ya shiga laluben Jinja. Bai ko ga gadar kogin Jinja ba Muwonge ya ce ya isa.

"Ka isa ina?"

"Mombasa mana."

"Ta ina ka bi?"

"Yuganda, Kenya, Mombasa."

"Ba ka bi ta Jinja ba? To da me ka haye kogin? Wannan ai ba tuƙi ba ne, jirgin sama ka hau. Sake sawa!"

Muwonge ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma wannan ne karo na farko da uban ya ji yadda dariyar ɗansa take tun da muryarsa ta buɗe. Ya ji daɗinta ƙwarai, ya kuma ji kunyar cewa sai yanzu ya ji ta. Kafin Muwonge ya tafi ya saya masa waya tasa ta kansa.

Tun daga nan ranar Juma'a ta zama ranarsu, don ita ce ranar hutun Muwonge, kuma agogon Doha da na Masaka ɗaya ne. Da la'asar wayar za ta yi ƙara, a buɗe murya, kowa ya buɗe kundin a tasa wayar, ɗaya ya sa mafari ɗaya ya sa masauƙi. Daga ayaba zuwa raƙumi. Daga fara zuwa wata. Daga Tafkin Victoria zuwa wani tsuntsun ƙanƙara da ba ya tashi. Kamoga ya kafa doka guda, Muwonge ya karɓa: babu ribas. Inda ka shiga ka shiga, sai dai ka nemi kwana a gaba, don shi a zamaninsa direban da ya cika ja da baya da tirela ba direba ba ne.

Ya fito da tasa dabarar. Ya gane cewa shafuka ma garuruwa ne, akwai ƙauye mai hanya ɗaya, akwai babbar mahaɗa. In aka ajiye ka a lungu, ka fara neman kwalta: sunan wata babbar ƙasa, ko teku, ko wani babban yaƙi. In ka hau kwalta sai ka miƙe, kana kusa da masauƙi ka sauka ka bi ta burji. Dabarar ba ta da laifi, mai dabarar ne ke da shi, don Kamoga ba ya iya wuce gari bai tsaya ba. Zai shiga shafin Indiya da niyyar wucewa hamada ya nemi raƙumi, sai ka ji shiru.

"Taata, kana ina?"

"Kai, ashe mutanen nan jirgin ƙasansu har kan dutse yake hawa."

"Tsere fa muke yi!"

"Na sani. Ina shan shayi ne."

Saboda haka kusan kullum shi ake ci. In ya yi nasara, abin da ba ya wuce sau ɗaya a wata biyu, duk layin sai sun sani, har mai gasa masara. Amma ba cin ne ya dame shi ba. A tsakanin shafi da shafi ne maganar da ba a taɓa yi ba ta riƙa fitowa da kanta, tunda idon kowa na kan wayarsa, ba mai kallon wani. Hanya ta bi da su ta Eldoret wata rana, sai tsohon ya ba da labarin yadda mota ta taɓa mutu masa a can ya yi mako yana cin ɗanyen rake. Muwonge kuma ya riƙa faɗin zafin da ke narka takalmi a ƙofar da yake gadi, da mutumin Nepal ɗin da suke ɗaki ɗaya mai munshari kamar injin niƙa, da yadda yake kewar matoke, tuwon ayabar nan namu, da miyar gyaɗa. Wata Juma'a ma sun yi zancen Nankya. Kamoga bai taɓa mallakar abin da yake ji da shi kamar wannan la'asar ɗin ba, tun ranar Laraba yake fara tunanin mafarin da zai sa.

Muwonge ya zo hutu ya koma, ya bar Nanfuka da ciki. Cikin ya tsufa a watan da fara ke fitowa, lokacin da ruwa ba ya ɗaukewa. Wata safiya ta fito daga kicin da kwanon matoke a hannu, matakalar baya ta jiƙe, ƙafarta ta zame. Kamoga na tsaye kusa yana gyara bakin indararo. Bai yi shawara da kowa ba, hannunsa na dama ya riga hankalinsa: ya cafke damtsenta, ya tare bayanta, ya tsayar da ita. Kwanon ya tafi, ita ba ta tafi ba. Suka tsaya cak kamar waɗanda aka kama da sata. Sai ta zube a gwiwa cikin ruwan, kanta a ƙasa, shi kuma ya juya ya fita ƙofar gida ya zauna a kan tayarsa, ruwa na dukansa. Ba wanda ya gani, kuma ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Bayan 'yan makonni ta haifi 'ya mace lafiyayya, aka sa mata Nabukenya.

Yarinyar ta fara zama ke nan babban yatsan Kamoga na dama ya fara motsi shi kaɗai. Da fari kaɗan-kaɗan, kamar mai murza ƙwayar kofi. Daga baya hannun duka ya ɗauka.

Kowa a nan ya san abin da ake cewa. Uban mijin da ya taɓa matar ɗansa, ko uwar matar da ta taɓa mijin 'yarta, rawar jiki ce ke kama su, obuko ake ce mata, tun muna yara ake tsoratar da mu da ita. Kamoga ya je asibiti shi kaɗai ba tare da ya gaya wa kowa ba. Likitar ta sa shi ya miƙa hannu, ya yi tafiya, ya taɓa hanci, sannan ta ce ciwon jijiya ne da ke zuwa wa wasu da tsufa, yana kama har waɗanda ba su taɓa yin suruka ba. Ta ba shi ƙwayoyi. Rabin zuciyarsa ya yarda da ita, rabin kuma yana tare da kakanninsa. Amma abu ɗaya bai yi shakkarsa ba, shi ne bakin mutane. In aka ga hannun za a tambaya wa ya taɓa, yaushe, a ina, ga miji yana wata ƙasa, ga yarinya ita kaɗai da tsoho a gida. Shi an gama da shi, me ya rage? Ita ce za a bi da ido a kasuwa da coci har ta tsufa. Sai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya koma sa kwat ko ana rana, hannun dama a aljihu, ya koyi shan shayi da hagu, ya ce a riƙa kai masa abinci ɗaki.

Mutane sun ruɗu, amma waya ba ta ruɗuwa. Shuɗayen kalmomin nan ƙanana ne, a cunkushe suke, yatsa mai rawa ba ya sauka inda aka aike shi. Ya nufi Turai ya tsinci kansa a shafin wani kifi. Ya nufi jirgin ruwa ya faɗa cikin tarihin wata tsutsa mai cin katako. Ga kuma dokarsa da ya kafa da bakinsa, babu ribas. Ya gwada hagu, hagun da bai taɓa yin aikin da ya wuce canja giya ba, ya ga ba gwara. Da fari Muwonge dariya yake yi.

"Taata, me ya kai ka wurin tsutsa? Ko ka fara leƙa wurin mai giyar ayaba ne?"

"Gajeriyar hanya ce. Kai ba ka san ta ba."

Aka yi haka Juma'a da yawa, dariyar ta ragu. Labari ma ya ƙafe, don hankalin tsohon duk ya koma kan yatsa, in Muwonge ya yi magana sai ya ji "uhm" kawai. Wata rana Muwonge ya ce, a hankali, "Taata, in ka gaji da wasan ka faɗa, ba dole ba ne."

"Sabis ne ba kyau," in ji Kamoga.

Ya ajiye wayar. Gaba kura baya siyaki: in ya faɗi gaskiya ya jefa Nanfuka a bakin duniya, in ya yi shiru ya rasa ɗan da bai daɗe da samu ba. Sai ya fara zamewa. Wannan Juma'ar akwai taron dattawan coci, waccan akwai jana'iza a Kalisizo. Muwonge bai yi musu ba, kiran ya koma gaisuwa, a tambayi jaririya, a yi sallama. Gidan ya koma yadda yake a shekarar da Nankya ta rasu, kuma tsohon ya rame.

Ana nan sai ga ƙanwarsa Nalubega ta zo ganin jikanya. Ita ce Ssengar Muwonge, gwaggon da ba a ɗaura aure ko a raba shi a dangin sai da ita, mace mai ido kamar na shaho da bakin da ba ya ajiya. Ta zauna a tabarma, Nanfuka ta kawo shayi ta koma kicin.

"Yaya, wannan kwat ɗin fa? Ana wannan rana? Ko zawarci ka fara ba mu sani ba?"

"Sanyi nake ji."

"Kai da ka kwana a ƙarƙashin mota a Timboroa kake jin sanyin Masaka? Kuma yaushe ka zama bahago? Ciro hannun nan in gani."

"Nalubega, sha shayinki."

"Ciro shi, ko in zo in ciro da kaina. Ni ba surukarka ba ce."

Ya san halinta, ya ciro. Hannun ya kwanta a gwiwarsa yana ta kaɗawa. Nalubega ta ajiye kofi, fara'arta ta ɗauke, ta rage murya, irin ragewar da ake ji har bayan gida.

"Wa ya taɓa wa a gidan nan?"

"Ba wanda ya taɓa kowa. Sitiyari ne. Ya daɗe yana girgiza ni, yanzu hannun ya ƙi yarda an sauka daga mota."

"Direbobi nawa na sani, duk hannunsu lafiya lau."

"Likita ta ce jijiya ce."

"Likita! Likitar 'yar wane gida ce?"

"Ki bar kaza cikin gashinta, Nalubega. Na roƙe ki."

Da za ta tafi ta tsaya ta yi wa ƙofar kicin wani dogon kallo. A cikin kicin ɗin kuwa an daɗe da daina jin motsin tukunya.

Juma'ar da ta biyo baya Kamoga ya yanke shawara: ba zai ƙara ƙirƙiro jana'iza ba, zai bar wayar ta yi ta ƙara har yaron ya gaji ya daina. Ya zauna a baranda, wayar na kan ɗan tebur. La'asar ta yi, ta fara ƙara. Ya kafa mata ido bai motsa ba, ta katse. Ta sake farawa. Sai ya ji motsi, ya waiga ya ga Nanfuka durƙushe a bakin ƙofa, Nabukenya a bayanta.

"Taata, wayarku na ƙara."

"Na ji."

"Shi ne."

"Na sani, Maman Nabukenya. Je ki yi aikinki."

Tun da ta shigo gidan ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Ran nan sai ta rarrafo a kan gwiwa har gaban teburin, ta ɗauki wayar, ta ja da baya zuwa ɗaya ƙarshen barandar, ta amsa ta buɗe murya.

"Taata?" in ji Muwonge.

"Ni ce. Yana nan zaune, yana jin ka. Baban Nabukenya, ka saurare ni har in gama, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba." "Hannun Taata na dama rawa yake yi, ya daɗe. Shi ya sa yake ɓata a wasanku. Lokacin da nake da ciki na zame a matakalar baya, shi ya tare ni da hannun nan. Da bai tare ni ba, da ban san abin da zan gaya maka game da 'yarka ba. Ya ɓoye ne don kada a yi da ni. Ina gani tun farko, tsoro ya hana ni magana. In obuko ne, ta dalilina ne, in za a faɗa a faɗa. Amma ba zan zauna ina ɗinki ina jin wayar nan tana ƙara ba."

Daga can Doha ba a jin komai sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, har Nanfuka ta duba ko kiran ya katse.

"Taata," in ji Muwonge daga baya, muryarsa ta canja. "Hannunka ne ke ciwo, ka bar ni ina zaton ka gaji da ni?"

"Ni? In gaji da kai?"

"To me zan ce? Ka saba tafiya. Na ɗauka ka sake tafiya ne."

Maganar ta shige Kamoga har ƙashi, don gaskiya ce, kuma ba da faɗa aka faɗe ta ba. Tsohon da bai yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka binne matarsa ya ji hawaye na bin gemunsa, ga surukarsa a zaune, bai ma damu ba.

"Ina nan," ya ce. "Ba inda na je, ɗana. Ina nan zaune."

Aka ji Muwonge yana jan hanci. Ya tambayi abin da likita ta ce, aka gaya masa. Ya ce ranar Litinin a koma asibiti, Nanfuka ta bi shi a wani babur ɗin daban ta ji bayanin da kunnenta, tunda an ga tsohon ba abin yarda ba ne. Ya ce Ssenga kuma a bar shi da ita, yau zai kira ta, duk mai son sanin wa ya taɓa wa ya zo ya tambayi mijin, shi zai ba shi amsa, ya kuma nuna masa 'yar da aka tsirar. Nanfuka ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin zane.

"To yanzu," in ji Muwonge, "wayar na hannun wa?"

"Tana hannuna."

"Ki riƙe ta. Ki karanta masa shuɗayen, shi ya zaɓa, ke ki danna. Ku biyu a kaina, ba komai, duk da haka sai na ci ku. Taata, sa mafari."

Kamoga ya gyara zama. "Gishiri."

"Zuwa giwa. Mu tafi."

Nanfuka ta gyara goyo, ta zauna sosai a can ƙarshen barandar, ta buɗe shafin gishiri ta fara karantowa ɗaya bayan ɗaya da Turancinta na sakandare, tana tuntuɓe a kan dogayen. Tsohon ya rufe ido yana saurare. Ba a jima ba direban cikinsa ya farka.

"Wuce. Wuce. Wannan lungu ne, wuce. Tsaya! Me kika ce yanzu?"

"Habasha, Taata."

"Shiga nan! Kwalta ce. Maza, kada ki tsaya kallon gari."

"Ku fa aka ce kuna tsayawa shan shayi," in ji ta ƙasa-ƙasa, ta kuma toshe baki da sauri, don ba ta san maganar za ta fito ba.

Kamoga ya buɗe ido ɗaya ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa. Suka ci gaba, tana karantawa yana zaɓa, Nabukenya na miƙo hannu ta kafaɗa tana son kama wayar. Sun yi nisa a cikin Habasha suna neman inda namun daji suke, sai tsohon ya lura ɗaya ɓangaren ya yi tsit, abin da ba halin Muwonge ba ne in yana gaba.

"Kai, ka isa ne ka yi shiru?"

"Ban ma tashi ba, Taata. Ina nan a gishiri. Ina jin muryarka ne."

"Ji shashasha! Wa ya ce maka ana jiran mutum a tsere?" in ji Kamoga. Ya goge fuska da kafaɗar kwat, sannan ya juya wajen ƙarshen barandar.

"Karanta, 'yata," ya ce. "A hankali. Ba sauri muke yi ba."